Maharbin da Mamman Kuku Ya Ƙone

Shekara ashirin da biyu ke nan da muka kai Mamman Kuku makwancinsa a Talata Mafara. Allah Ya jiƙansa. Na san an ce a ambaci mamaci da alheri, to amma ni taubashinsa ne, ɗan gwaggonsa, tun yana raye nake gasa masa magana, ban ga dalilin da kabari zai hana ni ba. Mamman mugu ne, kuma muguntarsa a kan tabarma ta fi fitowa.

Lokacin da ake gina madatsar Bakolori shi ke dafa wa Turawan aikin abinci. Ran Lahadi sai ya ga manyan mutane da gemu sun kewaye tebur suna jefa 'ya'yan lido, ɗaya yana ba da labari, saura suna gardama kamar rabon gado. Da wani cikinsu zai koma ƙasarsu sai ya bar masa ɗan littafin wasan, siriri, bangonsa duk ya cire. Mamman da ɗan Turancinsa na firamare ya juye shi yadda za mu gane. Kowa ya ɗauki jarumi guda, shi kuma ya zama mai labari, ya cika mana daji da dodanni da aljanu. Ka faɗi abin da jaruminka zai yi, ka jefa ɗan lido, abin da ya fito shi ne rabonka. Bayan la'asar muke zama a rumfar mai shayi. An kai ƙararmu wurin liman cewa caca muke yi, ya zo ya tsaya ya ga ba ko kwabo a tabarma, ya ce wannan ba caca ba ce, rashin aikin yi ne.

Dokar tsohon littafin nan ba ta da tausayi, Mamman kuma ya ƙara mata barkono. Jifa ɗaya ake yi. In jaruminka ya mutu, an gama, kuma abin da ka ajiye a madadinsa, marfin kwalba ne ko tsakuwa, Mamman zai ɗauka ya wurga a murhun mai shayi, kai kuma ka tashi ka ba wani wuri. Ni sau nawa ya tayar da ni yana ƙyalƙyala dariya, ban damu ba, ina da aikina na ɗinki.

Tanko ne ba shi da komai. Mutumin wajen Birnin Tudu ne. Katafila ta bi ta kan gonar ubansa don aikin ban ruwa, ta share iyaka, ta tumɓuke ɗorawar da ake gane gonar da ita, da aka zo mayar wa mutane filaye ba wanda ya iya nuna inda tasa take. Ya dawo Mafara yana dako. Daga reshen ɗorawar nan ya sassaƙa ɗan maharbi kamar tsawon yatsa, har da kwari a bayansa, da shi yake wasa. A kasuwa "kai mai dako" ake ce masa, a tabarmar nan kuwa Sarkin Baka muke kiransa, ana matsa masa wuri in ya iso. Maharbin ya daɗe da rai fiye da na kowa, abin ya tsone wa Mamman ido.

Ran nan sai ya kai mu bakin wani kogi a cikin labari, ya ce ruwa ya taso, kowa ya jefa. Tanko ya jefa, ɗaya ta fito. Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Ruwa ya ci maharbin ke nan. Na roƙi Mamman, mai shayi ya sa baki, Tanko da kansa ya dafa gwiwarsa ya ce don Allah a bar shi ya sake.

Mamman ya ce, "Da katafila ta taho gonarku, jifa nawa ta ba ka?"

Ya ɗauki maharbin ya sa a wuta. Busasshen itace ne, nan da nan ya kama. Tanko ya tsaya har wuta ta cinye shi, sannan ya sa takalminsa ya tafi. Bai sake zama a tabarmar ba, mu ma wasan ya fita ranmu, ba a daɗe ba ya watse. Mamman har ya mutu yana cewa shi doka ya bi.

Bana jikansa Bashir ya dawo hutu daga jami'a da sabon bugu na wasan. Wai ashe har yau ana yi a duniya! Littattafai masu kauri, da hotuna kala-kala, ɗan lidon ma har da mai fuska ashirin. Na sa ya karanta mini. A da abin da lido ya ba ka shi ne ƙarfin jaruminka, ko gurgu ne haka za ka tafi da shi. Yanzu kai ke zaɓa. Wanda ya faɗi ana ba shi jifa har uku kafin a ce ya mutu, abokinsa na iya tayar da shi, in ya yi barci raunukansa sun warke. Har an rubuta cewa mai labari ya tambayi 'yan wasa abin da ke musu ciwo a zuci don ya kauce masa. Da Mamman zai ji wannan, cewa zai yi an mai da wasan kunun jarirai. Da kuma ya karanta wurin tambayar nan, wallahi tambayar zai yi, don ya san daidai inda zai soka.

Da na ba Bashir labarin Tanko, yaron ya ji kunyar kakansa. Ya sa aka sassaƙa sabon maharbi, muka je muka ɗauko Tanko, wanda yanzu da sanda yake tafiya. Ya juya maharbin a hannunsa, ya shinshina, ya ce wannan dalbejiya ce, amma ya zauna. Bashir ya kai shi bakin kogin nan, ya miƙa masa lido. Na rantse na so a ce shida ta fito. Biyu ta fito.

Bashir ya yi maza ya ce, "Baba Tanko, saura biyu, sabuwar doka ce."

Tanko ya ce, "A'a, ɗana. Mamman jifa guda ya ce."

Ya waiga yana neman murhu. Babu, don mai shayin yanzu da gas yake dafawa. Sai ya ajiye maharbin a gaban Bashir, ya lallaɓa ya sa takalminsa.

Mamman ya bar gida da 'ya'ya da jikoki masu kirki, ba na musu. Amma in an tambaye ni abin da ya bari wanda bai tsufa ba, ga shi nan na gani da idona. An sake littafin, an sassauta doka, jikansa da kansa ya ba da izini, kuma mutumin da ke ƙarƙashin ƙasa shekara ashirin da biyu ya sake tayar da Tanko daga tabarma.