Mota a Garejin Kawu

Motata ta farko ba ta kai tsawon tafin hannu ba. 'Yar motar wasa ce ta ƙarfe, mai nauyi, irin wadda in aka jefe ka da ita sai goshinka ya yi ƙulu. Bara na tsince ta a ƙasan wata tsohuwar kwalla ta Inna, taya biyu sun yi nasu wuri, ƙofa ta lotse, fenti kuwa sai labari.

Har zan jefar, sai Kawu, ƙanen Inna, ya faɗo mini a rai. Shekara da shekaru yana gyaran jikin mota da fenti a wani gareji a Cacavéli. Da hannunsa ya fara rawa, waɗanda ya koya wa aikin suka ce, "Patron, a huta haka nan." Tun daga ranar ya zauna a ƙofar gida nan Zongo, yana kallon masu zemijan suna wucewa da baburansu. Mutumin da in ya yi tsawa ana jin sa daga masallaci, ya koma "to" da "madalla". Wallahi abin yana cin raina, ina tsoron shirun nan ya tafi mana da shi.

Na kai masa motar. Ya juya ta, ya leƙa ƙarƙashi.

"Wa ke tuƙa ta?"

"Ni ce, Kawu."

"Ai ga alama. Ina aka yi hatsarin?"

"Daga kan katanga. Ya fi sau goma."

Ya ja tsaki. Rabona da jin tsakin nan har na manta.

Mako uku motar ta yi a hannunsa. Ya kankare tsatsa da guntun reza, ya yanko taya daga tsohon silifas, ya yi gilashi da robar ruwa. Sau biyu ya tura ni kasuwar Hédzranawoé neman shuɗin fenti, wai wanda na fara kawowa shuɗin bokiti ne, ba na mota ba. Matarsa ta ce ko tuwo sai ta yi magana uku yake ci.

Ranar karɓa ya yaye ƙyallen da ya rufe ta da shi. Ta yi kyau, babu ƙarya. Sai dai farin layin da ya ja a gefe ya karkace, ya hau ya sauka, duk rawar hannunsa na ciki. Ni kuwa sarkin tausayi, na tafa hannu.

"Kai, Kawu! Ko daga kamfani sai haka! Ba aibi ko ɗaya!"

Fuskarsa ta mutu nan take. Ya ce, "To, madalla, 'yar nan," ya mayar da ido kan titi.

Matarsa ta ja ni bayan ƙyaure. "Ke wace irin mai mota ce? Tun da nake da mutumin nan ban taɓa jin wanda ya karɓi mota a gareji ya yaba ba. Yabo na yara ne da marasa lafiya. Kin gaya masa ya ƙare ke nan."

Kunya ta kama ni, sai kuma haushi, ni da ma zuciyata a kusa take. Na fito na dangwarar da motar a kan benci.

"Malam, wannan layi ne ko hanyar tururuwa? Ƙofar ma ƙara take. Mako uku fa! Da na sani garejin unguwar Nyékonakpoè na kai ta."

Ya miƙe tsaye, har hula na zamewa.

"Nyékonakpoè? Su wa? Madam, kin kawo mini gawa na tashe ta, za ki koya mini aiki? Ƙofa kuwa laifin direba ne!"

Muka yi ta yi har maƙwabta suka leƙo. Can ya ɗauki motar, ya kai ta kusa da ido, ya daɗe yana duban layin. Hannun na rawa, ya dafe shi da ɗayan.

"Layin dai da gaskiyarki," ya ce. "Ba za ta fita haka da sunana ba."

Na juya da sauri don kada ya ga idona. Ina bakin lungu na ji wani abokinsa yana kiran sa shan shayi, sai muryar Kawu ta tashi, har awaki suka watse.

"Ku sha abinku! Ba ka ga ina da mota a hannu ba?"