Tabon Waya a Kuncin Ɗanliti

Har yau ban manta da Juma'ar da 'yan kara, wato kasuwar shanu, suka ƙi karɓar hannun Ɗanliti ba. Lokacin ni ne wakilin Sarkin dillalan shanu a nan Wudil, wato duk rigimar da ba ta isa ta tayar da Sarki daga inuwa ba, ni ake kawo wa. Zurfin ilimina ya sa aka ba ni muƙamin, domin sai da na kai aji huɗu a firamare kafin malamai su ga ba su da sauran abin koya mini.

Bari in yi bayani saboda baƙi. Dillali yana tsayawa tsakanin mai saniya da mai saye. In ciniki ya faɗa, sai ya kama hannun wannan ya kama na wancan, a ce Allah ya sa albarka. In babu musafaha, babu ciniki.

Ɗanliti mutumin Utai ne, kuma shi ya fara cusa waya cikin hula ta manne masa a kunci. Yana magana da fataken Kudu, hannuwansa suna lalubar saniya, cikin rana tun hantsi har la'asar. Da bazara ta yi nisa sai wani farin tabo ya fito masa daidai mazaunin wayar. Wani ya ce tururin waya ne ya gamu da zafin rana suka dafa fatar. Wani kuma ya rage murya ya ce kuturta ce. Ran Juma'ar nan, kafin azahar, duk Bafulatanin da Ɗanliti ya miƙa wa hannu sai ya cusa nasa cikin riga. Mutum mai iyali ya koma gida ko ɗan maraƙi bai sayar ba.

Aka kawo mini shi. Na sa tabarau, na duba kuncin, na duba wayar, na ɗaga kai na duba ranar ita ma, sannan na yanke hukuncin cewa a tafi asibiti.

A can muka samu Sista Rifkatu, wata 'yar Tangale da maigidanta ke koyarwa a jami'a. Ta sa Ɗanliti ya rufe ido, ta riƙa taɓa tabon da auduga, shi kuwa yana zabura. Ta ce tunda yana jin taɓawa, ba kuturta ba ce. Kyasbi ne, gumin ƙarƙashin waya ya ba shi wurin zama, rana kuma ta ƙone sauran fuskar har ya fito fili. Na tambaye ta batun tururin waya, don in samu na kai wa jama'a. Ta ce masana suna kan dubawa, ita dai wadda ta tabbatar tana ƙona fata ita ce rana.

"Baba, ka sayi malafa," ta ce wa Ɗanliti, "wayar kuma ka bar ta ta huta a aljihu."

Juma'ar da ta biyo na tara mutane na zayyana musu komai, har da ƙarin Turanci. Ba wanda ya motsa. Sarki ya dube ni daga kan buzunsa.

"Wakili, kunne ya ji. Saura ido."

Sai na kama hannun Ɗanliti na girgiza. Na shafa kuncin nasa da tafina, na ɓare goro da hannun nan na jefa a baki, na tauna a hankali kowa na kallo. Wani tsohon Arɗo daga Achika ya jira sai da ya ga na haɗiye, sannan ya jawo bajiminsa ya fito da hannu daga riga. Kafin la'asar Ɗanliti yana ta ciniki cikin sabuwar malafa, kamar mai tallan fura.

Abin da na koya shi ne, mu 'yan kara muna girmama maganar asibiti, amma ba ma sayen abin da ba mu ga an taɓa ba. Saboda haka duk wanda aka naɗa wakili a cikinku, ya tanadi hannunsa. Ilimi kuwa, aji huɗu ya wadatar.