Kwamfutar da Ba Ta Jin Sakkwatanci

"Duk waɗanda aikinsu bai tashi ba kafin la'asar, gobe su koma ajin keken rubutu." Malaminmu na kwamfuta ke nan, a wata cibiya a Mando, lokacin ina sakandare. Ni kuwa na tsani keken nan.

Ni da ƙawata Nana, Basakkwata, muka raba furogiram ɗaya gida biyu. Nawa lafiya, nata lafiya. Amma linka, wato mai haɗa ɓangarorin su zama ɗaya, ya kafe wai akwai sunan da bai sani ba.

Muka hure faifai, muka kashe muka kunna, har addu'a muka tofa wa allon. Manyan injiniyoyi!

Kunya ta hana ni kiran Malam, sai na dinga bin layukan da yatsa. Ashe umarnin da na raɗa wa suna "fara", Nana "hwara" take kiransa a nata ɓangaren.

Na ce a hankali, "Nana, ko za ki gyara naki?"

Ta harare ni. "In gyara mi? Nawa shi ad daidai. Ku Kanawa kun ɓata Hausa, yanzu har kun koya ma inji!"

La'asar ta kusa. Ni Bakanuwa na goge "fara", na rubuta "hwara" da hannuna. Nan take aiki ya tashi.

Nana ta ce, "Kin gani? Har shi ya san gaskiya."

Har yau da wannan take min gori. Kanawa, ku faɗa min tsakani da Allah, na ci amanarku ne?