Baturiya a Gaban Tandar Gwaggo

Mun tashi da asuba daga Kano za mu Umara, la'asar ta same mu a Jidda. Titin Makka sumul, har gyangyaɗi na yi a mota.

A masaukinmu na saba da wata Baturiya 'yar Birtaniya da ta musulunta, muna hira da ɗan Turancina na makaranta. Ta ce a garinsu yau abincin Indiya, gobe na Sin, jibi na Turkiyya, nasu na gado sai ranar Lahadi. Da ta ji zan je unguwar Rusaifa gaida gwaggota mai sana'ar waina, ta ce ƙafarta ƙafata.

Gwaggo ta shekara talatin a Makka, kuma ta riga ta faɗa mini za ta ajiye tanda, don 'ya'yanta sun ce wainar abin kunya ce, su dai shawarma. In baƙuwar nan ta yamutsa fuska, sana'a ta ƙare.

Mun ratsa lunguna masu ƙamshin gahawa da turare, Hausa da Larabci na tashi ta ko'ina. Gwaggo na ganinmu ta dafe ƙirji.

"Ya binti, 'yata, Baturiya za ki kawo mini babu sanarwa? Wallahi aibu ne! Bari a sayo kaza."

Kafin a sayo, baƙuwa ta wanke hannu ta zauna gaban tanda. Waina bakwai ta ci da miyar taushe, yaji na sa ta hawaye, tana miƙa kwano a ƙara. Ta ce a garinsu layi ake yi wajen tsire da dafa-dukan 'yan Najeriya, amma wannan ba ta taɓa gani ba. Babbar 'yar Gwaggo ta daɗe tsaye tana kallo, can ta jawo kujera ta ce, "Ummi, ni ma zuba mini."

Da za mu tafi Gwaggo ta cika wa baƙuwa kwalba da yaji, ta raɗa mini, "Tandar nan ba inda za ta."

Mun dawo Kano lafiya. Na gane abincin da muke turawa bayan ƙyaure idan baƙo ya zo, shi wasu ke tsallake teku suna nema. Yanzu ko wane ne ya sauka gidana, tuwo zan ajiye masa, kaina a sama.