Hoton Jaririn da Na Yi wa Gyara

Na ɗauki hotunan da ni kaina ban san adadinsu ba, yawancinsu ko fuskokin ban iya tunawa. Amma akwai wani guda ɗaya, na jaririn da bai kwana biyu a duniya ba, wanda har in koma ga Allah ba zai fita daga raina ba.

A tsohon Zango na Lome ne, kafin a tashe mu zuwa wajen Agoè, zamanin da jam'iyya ɗaya ce tal a ƙasar. Ina da ɗan shagon hoto a bakin hanyar kasuwa. Aikin bai wuce hoton katin shaida da na katin jam'iyya ba, sai suna da biki in an dace. Matashi ne ni a lokacin, na yi lakwal, wato makarantar boko, ina jin Faransanci, ina kuma ji da kaina fiye da kima. Gani nake duk Zango babu mai ido irin nawa.

Wata safiya da hantsi sai ga wata Hajiya mai sayar da atamfa, ƙawar mahaifiyata, ta tsaya a ƙofar shagon. Ko gaisuwa ba ta bari mun ƙare ba.

"Ɗan nan, ɗauko na'urarka ka biyo ni."

"Inna, suna ne?"

"Rasuwa ce."

A hanya ta ba ni labari. 'Yarta ce aka yi wa aiki a asibiti aka ciro ɗa namiji. Yaron ya yi kwana ɗaya ya koma, uwar kuwa har lokacin ba ta farfaɗo ba, ba ta gan shi ba ko sau ɗaya. Mijin yana Kumasi wajen saro kaya. An kawo gawar gida, an yi mata wanka, kafin azahar za a kai ta.

Na ce, "Inna, ai mu ba ma yin haka."

Ta ce, "Na riga ka sani. Yi sauri."

Da muka shiga gidan, Malamin unguwa na zaune a zaure da mutum huɗu ko biyar. Yana ganin abin da na rataya a wuya ya ɗaure fuska. Ya ce wannan al'adar maƙwabtanmu ce 'yan ƙabilar Mina, su ne ke yi wa mamaci ado su kira mai hoto, mu namu shi ne mu gaggauta suturta shi. Hajiya ta durƙusa daga gefe, ta yi magana ƙasa-ƙasa.

"Allah gafarta Malam, wata tara yarinyar nan ta ɗauke shi. In ta farka ta ce mini yaya kamanninsa, me zan nuna mata? Tudun ƙasa?"

Malam ya ci gaba da jan carbinsa. Can ya miƙe ya ce, "Ni zan je in sabunta alwala. Ina dawowa za mu tafi." Bai ce a yi ba, bai ce a bari ba, kowa kuma ya gane.

Hajiya ta zauna a bakin ƙofar ɗaki inda haske ke shigowa, ta rungume jaririn a cikin farin ƙyalle, ta buɗe fuskar. Sau uku na danna. Ban tsaya na kalli yaron da kyau ba, gaskiya tsoro nake ji, hankalina kuma yana kan haske da takun Malam. Da na wanke fim ɗin, biyu sun lalace saboda gaggawa, ɗaya ne kawai ya fita.

To, a sana'armu ta wancan zamani ba a ba mutum hoto yadda ya fito. Sai ka ɗora kilishe, wato baƙin fim ɗin da ake bugo hoton daga gare shi, a kan gilashi mai haske, ka shafa masa ɗan mai, ka bi shi da fensiri mai tsini. Ka share ƙuraje, ka miƙe tamoji, ka ɗan haskaka fata. Matan Zango ba sa karɓar hoto sai an yi haka, ni kuwa a nan na yi suna, har daga unguwar Adidogome ake zuwa wurina. Saboda haka hannuna ya yi abin da ya saba. Goshin jaririn ya yamutse, na gyara. Leɓensa ya bushe, na gyara. A ƙarƙashin idon hagu na ga wani ɗan ɗigo, na ce ƙura ce ta hau fim, na cike shi da fensiri. Da na buga, sai ga yaro sumul kamar na kan gwangwanin madara. Na ji daɗin aikina ƙwarai.

Bayan kwana goma sha wani abu aka sallamo uwar, Hajiya ta aiko in kawo. Na tarar da 'yar tata zaune a kan tabarma ta jingina da bango, ta rame. Na yi mata ta'aziyya, na miƙa ambulan da hannu biyu. Tana ɗago kai ta karɓa sai na ga baƙin tabo ƙarami a ƙarƙashin idonta na hagu. Nan take na tuna ɗigon da na cike da fensiri.

Ta duba hoton ba ta daɗe ba, ta ajiye shi a kan tabarma.

"Wannan ba nawa ba ne."

Hajiya ta ce, "Haba 'yar nan, a hannuna fa aka ɗauka."

"Inna, ke kika ce mini yana da tabona a nan." Ta taɓa ƙarƙashin idonta. "Kin ce da shi kika gane jininmu ne. Ina yake? Ɗan wa kuka ɗauko a shagonsa don ku lallashe ni?"

Ba ta ɗaga murya ba, ba ta yi kuka ba. Ta dai juya fuska ga bango. Hajiya ta ɗauki hoton ta kai shi kusa da ido, ta sake nisanta shi, sannan ta kalle ni. Matar da ta durƙusa wa Malam don hoton nan, yau 'yarta na ganin ta yi mata ƙarya, kuma ni na jawo.

Na ce, "Inna, laifina ne. Ku ba ni zuwa la'asar."

Allah ya taimake ni fensiri na sa, ban kankare da reza ba kamar yadda nakan yi wani lokaci. Na jiƙa auduga da man nan na goge kilishen a hankali, ina addu'a kada ya karce. Duk gwanintar da na zuba ta bi audugar. Na sake bugawa, na tsaya ina kallon takardar a cikin ruwan magani har fuskar ta fito, goshi a yamutse, leɓe a bushe, ɗigon yana inda Allah ya sa shi. Ranar ce na fara ganin yaron.

Na koma da hoton ko gama bushewa bai yi ba. Hajiya ce ta miƙa mata. Wannan karon ta daɗe tana kallo. Ta sa ɗan yatsa a kan tabon, ta bi goshin da shi.

"Ga shi nan," ta ce. "Inna, dubi goshinsa kamar na tsoho. Ashe ya sha wuya."

Sai a lokacin hawaye suka zo mata, Hajiya ta jawo ta jikinta. Na tashi zan sulale, uwar yaron ta tsayar da ni.

"Mai hoto, abin da ka bugo shi da shi, yana wurinka?"

Na ce yana nan.

"Ka kawo mini. Kada ka ƙara taɓa shi."

Washegari na kai mata, na naɗe a takarda. A duk shekarun da na yi ina sana'a, shi ne kilishe ɗaya da ya bar shagona.

Daga baya wasu gidaje uku ko huɗu sun kira ni irin wannan aiki, a ɓoye, ban kuma sake kai fensiri kusa da ko ɗaya ba. Abin da na koya shi ne, wanda ya rasa nasa ba kyakkyawa yake nema ba, nasan yake nema, da tabonsa da yamutsewarsa. In aka ba ka amanar abin da ya rage wa mutum, ka mayar masa yadda ka karɓa, ko da kana ganin ka iya gyara.