Kankanar Mahaifiyata a Tsohuwar Ruga

Shekarun baya, ina sabon magidanci a ƙauyenmu na gefen Malumfashi, akwai wata kankana da ake zuwa gidanmu takanas saboda ita. Ba ta da girma, bayanta fari-fari, cikinta ruwan ɗorawa, 'ya'yanta jajaye. Zaƙi kuwa har cikin kunne kake jin sa. Mahaifiyata ce ta zo da irin daga gidan ubanta a Dayi, gidan kuma ya riga ya watse, ita kaɗai ta rage da shi. Kowace kaka sai ta shanya 'ya'yan a inuwa, ta cakuɗa da toka, ta ɗura a gora, ta liƙe bakin da laka ta rataye a jinka. In za ka sha, a gabanta za ka tofa 'ya'yan cikin ƙwarya.

Wata shekara, da ruwan shuka ya sauka, muka sauke goran muka tarar ɓera ya huda shi, babu komai sai toka da ɓawo. Mahaifiyata, da idonta ya fara rauni, ta daɗe tana laluben tokar. Ta ce, "Shi ke nan, yau gidan Baba ya ƙare." Raina ya ɓaci ƙwarai.

Ni kuma gwanin cika baki, na ce ta kwantar da hankalinta. Na tafi kasuwar Kafur, wani bafatake ya rantse mini jan irin da ke hannunsa shi ne. Na shuka, ina ta yi masa hidima kamar jariri. Da ya yi 'ya'ya na tara maƙwabta na fasa, ashe guna ce. Har jakina ya shinshina ya kau da kai.

Damina ta kusa ɗaukewa sai ga abokina Bafillace, wanda ke sauke shanunsa a gonarmu bayan girbi don taki. Muna shan fura ina ba shi labari, sai ya ajiye ludayi.

Ya ce, "Malam, mai jan irin nan? Ai bara da za mu tashi Innarka ta ba matata kankanar guda biyu na sallama. A zangonmu na wajen Dandume muka sha. Na biyo ta wurin, yaɗo ya rufe tsohuwar rugar, 'ya'ya birjik. Amma ka hanzarta, wani garke na nan tafe."

Wallahi ban ƙarasa furar ba. Lokacin hanya ba ta biyuwa kai kaɗai saboda mahara, sai muka bi ayarin fatake, ni ina gaba ina jin kamar na ɗauki jakin a ka don sauri. Da muka isa, shanu sun tattake rabi. Na durƙusa ina ɗaga ganye, sai ga su, farare-farare kwance kan taki. Dariya na kama yi ni kaɗai, abokina na cewa Bahaushe ya zautu a kan kankana.

Na cika mangala na dawo. Mahaifiyata ta shafa ɗaya, ta ƙwanƙwasa, ta ce a fasa. Ta kai baki, sannan ta tofa 'ya'yan a tafinta ta damƙe.

Ta ce, "Ita ce. Wadda na ɓoye ɓera ya ci, wadda na bayar ita ta dawo. Kira mini matan unguwa."

Ranar kowane gida ya tafi da irin a ƙulle a gefen zane.

Yanzu na tsufa, ita ma ta daɗe da rasuwa. Wani lokaci a kasuwa mai talla zai miƙo mini yanki, yana yi mini bayanin daɗinta, bai san ko ni wane ne ba. Nakan karɓa in sha, in ce lallai da zaƙi. Murnar da nake ji a lokacin ba ta faɗuwa, don na san gidan kakana bai ƙare ba.