Hannun da Inna Ta Wanke

Har yau ban manta da wata ranar kasuwa a Dogon Dutsi ba, cikin shekarun farko na samun 'yancin kai. Ina ɗalibin aikin haƙori, an turo ni horo ƙarƙashin manjo, wato babban ma'aikacin jinya. Ni bahago ne. A makaranta an sha matsa mini in koma dama, na yi ƙoƙari, amma hannun bai taɓa jin haƙori sosai ba.

Da hantsi aka shigo da wata dattijuwa mai sayar da nono daga wajen Dogon Kiriya, kuncinta a kumbure. Na duba, na ga turmin haƙori ne ya ruɓe. Manjo ya gargaɗe ni cewa in saiwar ta karye a ciki, sai an kai ta Yamai, ita kuwa ba ta taɓa wuce garin nan ba.

Ina ɗaga awartaki da hannun hagu ta rufe baki. "Ɗan nan, da hauni za ka shiga bakina? Inda nike kai abinci?"

Na tsaya. Rana ta shigo ta taga ta kwanta a kan tururin tukunyar da muke dafa kayan aiki, dutsen garin yana can nesa kamar yana iyo a cikinsa. Na mayar da awartakin dama, na ji shi kamar kayan aro.

Sai na gaya mata gaskiya: da dama ina tsoron in karya haƙorin, da hagu ina zaton ba zai karye ba, ko da yake ba zan yi alkawari ba. Na ce na wanke hannun da sabulu kafin ta shigo. Ta ce ita ba ta gani ba.

Ta nemi ruwa. Ta kama hannuna na hagu ta wanke shi a hankali, yatsa bayan yatsa, yadda ake wanke ƙwaryar tatsa, tana bisimilla. Manjo ya juya baya yana ƙunshe dariya.

"To, yanzu na san shi," in ji ta, ta buɗe baki.

Haƙorin ya fito da saiwarsa cif.

Ba zan ce na fahimci mutanenmu duka ba. Amma tun ranar, duk inda aka kai ni aiki, nakan sa a ajiye buta da sabulu gaban kujerar marar lafiya, ba a bayan labule ba.